Sharhi a Kan Fassarar Keɓaɓɓun Kalmomin Fanka da Injin Lantarki Daga Faransanci Zuwa Ingilishi

1.0 Gabatarwa

A yayin aikin tattara keɓaɓɓun kalmomin kimiyya da ƙere-ƙere waɗanda za a iya shigarwa cikin manhajar Hausa, wata 'yar takardar koyarwa ta faɗo hannun mai wannan sharhi. Takardar tana bayani ne a kan manyan fankoki na masana'antu, irin waɗanda ake girkawa a wuraren casar shinkafa da busar da hatsi da kuma manyan gine-gine, tare da injin lantarkin da ke juya su. Da Faransanci aka rubuta asalinta domin ɗalibai masu koyon sana'a, daga baya wani ya mayar da ita Ingilishi. Wannan fassara ta Ingilishi ita ce aka kawo shawarar a ɗauka a matsayin tushe, a tsamo kalmomin da ke cikinta a nema musu takwarori na Hausa. An ci sa'a asalin na Faransanci yana manne a bayanta, don haka aka sami damar jera su biyun a gwada. Ba za a ambaci mai fassarar ba, domin hanyar da ya bi ita ce abin nazari, kuma hanya ce wadda da yawa daga cikinmu ke bi idan aka miƙo mana jerin kalmomi aka ce mu fassara.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da fassara tsakanin harsunan Turai guda biyu? Abin da ya haɗa su shi ne, ta ƙofa biyu ilimin ƙere-ƙere yake shigo wa Hausa. A Nijeriya ta Ingilishi yake shigowa, a Jamhuriyar Nijar kuwa ta Faransanci, ƙasar da a shekarar 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk kalmar da za mu ƙirƙira za ta yi zama ne a tsakanin waɗannan harsuna biyu. Idan kuwa aka yi kuskure a matakin tsakiya, wato daga Faransanci zuwa Ingilishi, to kuskuren zai shigo Hausa sanye da rigar gaskiya, kuma da wuya malamin aji ya iya bin sawunsa ya gano inda ya samo asali.

Abin da wannan sharhi ke son nunawa shi ne, a irin wannan fanni kowace keɓaɓɓiyar kalma suna ce ta wani abu da ake aunawa, mai ma'auninsa da lissafinsa. Mai fassarar da bai fara gano abin da ake aunawar ba, ƙamus ba zai fisshe shi ba, komai ƙwarewarsa a harsunan biyu.

2.0 Inda Mai Fassarar Ya Dace

Ya kamata a fara da yaba masa inda ya cancanta. Ingilishinsa mai santsi ne, kuma ya kauce wa tarko na farko da ke bakin ƙofa. Kalmar “ventilateur” ya fassara ta da “fan”, bai ruɗu da “ventilator” ba, wadda a bakin yawancin masu Ingilishi take nufin na'urar taimaka wa majiyyaci numfashi, kamar yadda kowa ya ji a shekarar 2020 lokacin annobar korona. Irin waɗannan kalmomi masu kama da juna a fuska, masu bambanci a ma'ana, tun a 1928 Koessler da Derocquigny suka laƙaba musu sunan “faux amis”, wato abokan ƙarya. Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane. Ita kanta kalmarmu ta fanka doguwar tafiya ta yi kafin ta iso gare mu, domin daga Indiya Turawan Ingila suka aro ta, mu kuma muka karɓa daga bakinsu.

Haka kuma ya dace a kan “cage d'écureuil”, wadda ya mayar “squirrel cage”. Nan fassarar kalma da kalma ta yi daidai, saboda harsunan biyu duk da kejin kurege suka kwatanta jerin sandunan da ke cikin ɓangaren inji mai juyawa, tsarin da Dolivo-Dobrovolsky ya fito da shi a Jamus a 1889. Sai dai a ganin mai sharhi irin wannan dacewa ce take yaudarar mai fassara, ya ɗauka ko'ina haka abin yake.

Alamar matsala ta fara bayyana ne a sunan injin kansa. Ya fassara “moteur asynchrone” da “asynchronous motor”. Ba za a ce ya yi kuskure ba, domin kalmar tana nan a Ingilishi. Amma littattafan koyarwa na Ingilishi “induction motor” suka fi kiransa, kuma ɗalibin da ya je neman ƙarin bayani da wancan suna zai sha wahala kafin ya gane abu ɗaya ake nufi. Sunan Ingilishi ya dubi yadda wuta ke haifuwa a cikin injin, na Faransanci kuwa ya dubi sakamakon, wato inji ne wanda gudunsa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun abin da ke jan sa. Da mai fassarar ya tsaya ya yi tunani a kan wannan suna, da ya tsira daga babban kuskurensa, wanda shi ne batu na gaba.

3.0 Kalmar “Glissement”

A wurare daban-daban na takardar, mai fassarar ya mayar da wannan kalma “sliding”, wani wurin “slipping”, a wuri ɗaya kuma “slip”. Ta ƙarshen ce kaɗai daidai, kuma da alama dacewa aka yi. Wanda ya karanta Ingilishin kawai zai zaci abubuwa uku ake magana a kai, kuma dukkansu lahani ne da ya kamata a gyara. Da an bi wannan zuwa Hausa, da santsi ko zamewa ko sulluɓewa za a rubuta. Domin a ga girman ɓarnar, dole a ɗan yi bayanin yadda injin ke aiki.

Injin yana da ɓangare biyu. Akwai gida mai naɗin waya wanda ba ya motsi, akwai kuma curin ƙarfe a tsakiya mai juyawa, wanda shi ne ke ɗauke da sandunan nan masu kama da keji. Idan wuta ta shiga naɗin wayar, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai kewayawa a cikin gidan. Wannan ƙarfi yana gifta sandunan, giftawar ce take haifar da wuta a cikinsu, ita kuma wannan wuta ta sa curin ya bi maganaɗisun a guje. To amma ba zai taɓa cim masa ba. Ranar da gudunsu ya zo ɗaya, giftawa ta ƙare, wutar sanduna ta mutu, ƙarfin juyi ya tafi. Misalinsa kamar ruwan kogi ne da kwalekwale: ruwan ba ya tura shi sai idan ya fi shi gudu. Wannan 'yar tazara da ke tsakanin gudun maganaɗisu da gudun curin ita ce Faransanci ya kira “glissement”, Ingilishi ya kira “slip”. Babu abin da ya zame, babu abin da ya kwance. Da tazarar injin yake aiki, kuma da babu ita da bai juya komai ba.

Tazarar kuma lissafa ta ake yi. Wutar Nijeriya da ta Nijar da ta Faransa duk zagaye 50 take yi a sakan. Inji mai kawunan maganaɗisu 4 a kan irin wannan wuta, maganaɗisunsa juyi 1500 yake yi a minti. Idan aka duba ɗan farantin shaida da ke manne a jikinsa aka ga an rubuta 1440, to bambancin juyi 60 ne, idan aka raba da 1500 sai a sami kashi 4 cikin 100. Wannan lamba ita ce ma'anar kalmar. Littattafan Faransanci da harafin g suke nuna ta, na Ingilishi kuwa da s. Mai fassarar ya bar g a cikin lissafi alhali a cikin bayani ya kawo kalmomi masu farawa da s, bai kuma yi wa mai karatu wata sanarwa ba.

Wani kuskuren da ya fi wannan muni yana nan kusa. Al'adar littattafan Faransanci ita ce a ƙirga kawunan maganaɗisu bibbiyu, su ce “paires de pôles”, sai su ninka 60 da 50 su raba da 2. Yawancin littattafan Ingilishi kuwa ɗaiɗai suke ƙirga su, su ninka 120 da 50 su raba da 4. Duk hanyar da aka bi 1500 za a samu. Mai fassarar ya riƙe lissafin Faransanci mai 60, amma ya yar da kalmar “paires”, ya rubuta “number of poles” kawai, wataƙila don yana ganin jimlar ta fi daɗin karatu a haka. Ɗalibin da ya bi shi zai raba da 4 ya sami 750. Daga nan zai tarar injin da ke juyi 1440 ya fi maganaɗisunsa gudu kusan ninki biyu, tazarar ta fito ƙasa da sifili. A ilimin lantarki tazara ƙasa da sifili tana da ma'ana: injin ya koma janareta, yana ba da wuta maimakon ya sha. Kalma ɗaya aka yar, darasin duka ya kife.

A nan ya kamata a yi wa mai fassarar adalci, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takardar Faransancin ta sake amfani da wannan kalma a inda take magana a kan bel ɗin da ke haɗa inji da fanka. A can zamewa ce ta gaske, bel ya yi sako-sako yana sulɓi a kan ƙafarsa, kuma lahani ne da makaniki ke gyarawa ta hanyar ɗaure shi. Faransanci yana da “patinage” da zai iya amfani da ita a wannan wuri, marubucin bai yi ba. Ingilishi ma “slip” yake cewa a duka biyun, sai dai ya ƙara “belt” a gaba. Akwai ma ta uku a manyan littattafai, inda ake kiran yadda iska ke ƙin bin lanƙwasar fukafukan fanka sau da ƙafa da wannan suna. Ke nan harsunan Turai biyun duk sun ɗora wa kalma ɗaya kaya uku. Babu dalilin da zai sa Hausa ta gaji wannan cunkoso, tunda mu yanzu muke raɗa sunayen.

Abin da ya sa aka daɗe a kan wannan kalma shi ne, a kanta sauran darasin ya rataya. Kason da tazarar ta nuna, shi ne kason ƙarfin da ke zama zafi a cikin curin daga abin da ya tsallako masa. Idan kaya ya yi wa inji yawa, tazarar sai ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Haka nan idan wuta ta yi ƙasa: raguwar kashi 10 cikin 100 a ƙarfin wuta tana rage ƙarfin juyin inji da kusan kashi 19, sai ya ja baya, ya ƙara zuƙar wuta, ya yi zafi. Masu naɗin kwayil a kasuwanninmu sun san ƙarshen wannan labari ko da ba su san sunansa ba. Hatta tsohuwar fankar sama da ke ɗakunanmu, makunninta mai lamba ɗaya zuwa biyar rage wa injin wuta yake yi domin tazarar ta faɗaɗa, gudun ya ragu. Malamin da aka ba shi kalmar santsi ba shi da hanyar da zai bi ya kai ɗalibansa ga fahimtar ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ita ma fanka ba ta yafe ƙaramin kuskure a gudu. Yawan iskar da take turawa yana bin gudunta kai tsaye, matsin iskar yana bin gudun ninki a kan ninki, ƙarfin da take ci kuwa hawa uku. Wanda ya yi lissafi da 1500 alhali injin 1440 yake yi, zai tarar iskar ta gaza abin da ya zata da kashi 4, matsi da kusan kashi 8, ƙarfi kuma da fiye da kashi 11.

4.0 “Rendement” da “Performance”

Idan aka buɗe ƙamus na gama-gari a kan “rendement”, za a tarar da kalmomi kamar “yield” da “output” da “return” da “performance” da “efficiency”. Duk daidai ne, kowace a muhallinta: amfanin gona, ribar jari, ƙwazon ma'aikaci. Mai fassarar ya zaɓi “performance” a mafi yawan wurare, ya kuma sa “yield” a ƙarƙashin wani jadawali. A fannin inji kuwa “efficiency” ce kaɗai ta dace, domin ita ma lamba ce: abin da aka mora a raba da abin da aka zuba. Fankar da ke tura iska kubik mita 2 a sakan a kan matsin faskal 500, aikin wat 1000 take yi wa iskar. Idan wat 1500 take karɓa daga inji, to kashi 67 cikin 100 aka mora, sauran ya tafi a zafi da ƙara da hargitsin iska.

“Performance” kuwa rumfa ce babba. A ƙarƙashinta akwai yawan iska da matsi da ƙarfi da wannan kaso da aka ambata, da yadda kowannensu ke sauyawa idan ɗaya ya sauya. Fanka tana iya tura iska mai yawa ƙwarai, a yaba aikinta, alhali tana ɓarnar wuta. Wanda aka haɗe masa kalmomin biyu ba zai iya faɗin wannan jimla ba, balle ya zaɓi fankar da za ta rage wa mai masana'anta kuɗin wuta.

Akwai abin lura a yadda ƙwararru suka warware wannan. Ƙa'idar duniya ta gwajin fankoki, ISO 5801, wadda ta fara fitowa a 1997 aka kuma sabunta ta a 2007 da 2017, a takenta na Ingilishi “performance testing” aka rubuta, a na Faransanci kuwa “essais aérauliques”. Kalmomin ba su yi kama ba ko kaɗan. “Aéraulique” ilimin kwararar iska ne a cikin bututu, kamar yadda “hydraulique” yake na ruwa, kuma Ingilishin yau da kullum na injiniyoyi ba shi da kalma ɗaya tilo da ta zauna a gurbinta. Waɗanda suka tsara taken sun dubi gwajin da ake yi ne, kowane harshe ya kira shi da sunan da masu sana'arsa suka saba.

Kusa da wannan akwai “puissance absorbée”, wadda aka mayar “absorbed power” a ko'ina. A babin inji tana nufin wutar da injin ke sha daga layi, a babin fanka kuwa tana nufin ƙarfin da fankar ke karɓa daga sandar injin. Tsakaninsu akwai asarar injin kansa. Lambar kilowat da ke kan farantin inji abin da yake bayarwa ce, wato “puissance utile”. Inji mai kilowat 1.5 wanda ake morar kashi 80 na abin da ya sha, kusan kilowat 1.9 yake ja daga layi. Wanda ya sayi waya ko janareta bisa lambar farantin ya sayi abin da bai isa ba. Fassarar ba ta yi ƙarya a nan ba, amma ta bar duhu a inda kalma biyu kacal za su kawo haske.

5.0 Sauran Kalmomi da Alƙaluma

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. “Perte de charge” an mayar da ita “loss of load”, alhali raguwar matsi ake nufi yayin da iska ke gogayya da bangon bututu da kwanoninsa, abin da Ingilishi ke kira “pressure drop”. “Couple” an bar ta yadda take. Kalmar tana nan a Ingilishin kimiyya da ma'ana makusanciya, amma mai sana'ar inji “torque” yake cewa, wato ƙarfin murɗawa. “Débit” ta fito “output” a wani wuri, “flow” a wani, ba a kuma bambanta yawan iska ta fuskar girma da yawanta ta fuskar nauyi ba, bambancin da ke da muhimmanci a wuri mai zafi, inda iska ke buɗewa ta yi sakayau. “Décrochage” kuwa irin matsalar “glissement” gare ta. A fanka tana nufin iska ta saki fukafuki, wato “stall”. A inji kuwa “couple de décrochage” shi ne iyakar ƙarfin da injin zai iya bayarwa kafin kaya ya rinjaye shi, wanda ake kira “breakdown torque” ko “pull-out torque”. Mai fassarar ya rubuta “unhooking”, wato cirewa daga ƙugiya.

Alƙaluma ma harshe gare su, kuma mai fassarar ya ɗauka ba sa buƙatar fassara. Bafaranshe da waƙafi yake raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, Bature ɗan Ingila kuwa da ɗigo. Babban taron ma'aunai na duniya ya amince da duka biyun a 2003, amma wannan bai hana ruɗani ba: “1,500 kW” kilowat ɗaya da rabi ne a takardar asali, ga mai karatun Ingilishi kuwa kilowat dubu ɗaya da ɗari biyar. An bar “tr/min” ba a mayar da shi “rpm” ba. An mayar da “ch” zuwa “hp” kai tsaye, alhali dokin Faransa wat 735.5 ne, na Ingila kuwa wat 745.7. An kuma bar “mmCE” babu bayani, wanda ke nufin milimita na tsayin ruwa, kimanin faskal 9.8 kowanne, yayin da tsofaffin littattafan Ingilishi ke auna matsi da inci na ruwa, kimanin faskal 249.

6.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Abin takaici shi ne kusan duk waɗannan an riga an warware su. Hukumar duniya mai kula da ƙa'idojin lantarki, IEC, wadda aka kafa a 1906, ta fitar da ƙamusunta na farko a 1938, kuma yana nan kyauta a intanet da sunan Electropedia. Tsarinsa shi ne abin koyi. Kowace ma'ana tana da lambarta, sannan a kawo bayaninta da Faransanci da Ingilishi, daga nan a jero sunayenta a wasu harsuna. Ma'ana ce gaba, suna yana biye. Wannan ita ce hanyar da Eugen Wüster, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, ya bi a ƙamusunsa na injinan sassaƙa ƙarfe na 1968, wanda shi ma tsakanin Ingilishi da Faransanci ne, inda ya jera kalmomi bisa dangantakar ma'anoninsu maimakon bin abacada.

Mu kuwa mun fi sabawa da jeri mai layi biyu, Ingilishi a hagu, Hausa a dama. Wannan tsari ya yi amfani ƙwarai a littafin keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, saboda masu amfani da shi malaman harshe ne, sun riga sun san abin da kowace kalma ke nufi, suna kawai suke nema. A fannin inji lamarin ya juya. Malamin Hausa da za a ba jerin ya san harshen amma bai san injin ba, don haka duk abin da kalmar ta raya masa shi zai koyar.

Saboda haka mai sharhi yana ganin bai kamata a ɗauki wannan fassara a matsayin tushe ba sai an sake ta, tare da wani malamin lantarki a zaune. Yana kuma ganin duk kalmar wannan fanni da za ta shiga manhaja ta zo da rakiyar abu uku: bayaninta da Hausa a jimla ɗaya ko biyu, ma'aunin da ake auna ta da shi, da misali ɗaya na lissafi. Sunanta na Ingilishi da na Faransanci su zo tare a gefe, domin ɗalibin Katsina da na Maraɗi su gane abu ɗaya suke karantawa. A darasin fassara na kwalejojin ilimi ma, shafi ɗaya na irin wannan takarda zai fi jimloli ashirin na labarun jarida koya wa ɗalibi inda ƙamus ke tsayawa.

Ga abin da ake ba da shawara a kai, domin a tattauna. Tazarar da ke tsakanin gudun maganaɗisu da na curin inji a kira ta giɓin gudu, a bar zamewa ga bel kaɗai. “Rendement” ta zama kason moriya, domin kalmar kaso tana tuna wa ɗalibi cewa lamba ce cikin ɗari, abin da inganci ko nagarta ba za su yi ba. A bar aikin fanka ya zama babbar rumfar. “Couple” ta zama ƙarfin murɗawa, “débit” yawan kwarara, “perte de charge” kuma raguwar matsi. Ba a ce waɗannan su ne mafi daɗi a kunne ba. Giɓin gudu musamman tana da rauni, domin giɓi yana iya sa a zaci wani abu ne ya ɓace, kuma wanda ya fi son tazarar gudu yana da hujja.

Wadda ta fi wuya ita ce sunan injin kansa. “Motor” ta riga ta shigo Hausa tun tuni a matsayin mota, ta zauna a kan abin hawa, ba kuma za a tashe ta ba. A wannan sharhi an yi ta cewa injin lantarki, amma a bakin jama'a injin lantarki ko injin wuta janareta ne, wato mai ba da wuta, kishiyar abin da muke nufi. Wannan ba matsala ce da za a yanke a teburin kwamiti ba. Kafin a rubuta komai a manhaja, ya kamata a tura masu bincike rumfunan masu gyaran fanka da masu naɗin kwayil a Kano da Kaduna da Damagaram, da kuma unguwannin Hausawa na kudancin ƙasar nan, a ji da wane suna maigida yake kiran wannan abu idan ya ce wa yaronsa ya miƙo masa shi.